Kifin Da Na Riƙa Miƙawa Ta Kan Katanga

Assalamu alaikum. Ina roƙon a ba ni ɗan fili a wannan shafi, a kuma sakaya sunana, domin mutanen da zan ambata duk suna raye, wasunsu ma katanga ɗaya ce tsakaninmu. A lokacin da abin nan ya faru ni matar aure ce a Aliero, ’ya’yana huɗu, na kai shekara goma sha shida a ɗakin mijina. Da za a zagaya unguwarmu a tambayi wace mace ce ta fi kula da cikin mijinta, ba na jin za a tsallake ƙofar gidanmu, kuma ni ma na san da haka, har ina ɗan ɗaga kai da shi. Bafillatana ce ni, a wata ruga bayan Maiyama aka haife ni, sai gwaggona ta ɗauke ni zuwa cikin gari na yi firamare da ’yar sakandare a hannunta. Boko ya shiga kaina daidai gwargwado, amma abin da aka dasa mini a ruga tun ina ƙarama bai taɓa fita ba.

Mijina Bahaushe ne, manomin albasa, gadon gidansu ke nan. Ƙaton mutum ne mai yawan dariya, wanda idan ya yi sallama daga zaure sai kajin gida sun watse. Abu biyu ne ba ya wasa da su a duniya. Na farko fura da nono da azahar, wadda ni nake dama masa da nonon da ake aiko mini daga gida, ko yana fadama sai an kai masa. Na biyu nama, kuma ba tsoka ba, wajen kitsen. Tuwonsa kuwa idan man shanu bai kwanta a kan miya ba, sai ya leƙa kwanon ya tambaye ni ko shanun gidanmu sun shiga yajin aiki ne. Haka yake tsokanata kullum, ni kuma in ce masa ai ba don ni ya aure ni ba, don ƙwaryar nono ya yi. Zamanmu lafiya lau, ban taɓa yin yaji ba ko sau ɗaya.

Kafin in ci gaba sai na faɗi labarin kawuna, ƙanen mahaifiyata, don in ba da shi ba, ba za a gane abin da ya sa mace mai hankalinta ta yi abin da na yi ba. Ina ’yar shekara tara farin tabo ya fara fito masa a bayan hannu, daga nan ya hau wuya, ya kewaye baki. Ba ya ciwo, ba ya ƙaiƙayi, amma ruga gaba ɗaya ta yanke hukunci cewa ya ci kifi ne a kasuwar Jega, ya dawo ya ɗora nono a kai. A wajenmu wannan ba abin gardama ba ne: kifi da nono idan suka haɗu a cikin mutum, fata ce take biya. Aka ware masa ƙwaryarsa da ludayinsa, aka daina sa hannu a akushi ɗaya da shi, matarsa ta tafi ganin gida ba ta dawo ba. Ina tuna shi zaune shi kaɗai a gindin wata tsamiya yana cin abinci, ya juya mana baya don kada mu gani. Mutumin da yake ɗaukata a wuya ya kai ni wajen maruƙa, sai ga shi ina gudunsa. Tun daga ranar ko warin kifi na ji sai tsikar jikina ta tashi, kuma da na yi aure ban taɓa dafa shi ba. Maigida bai damu ba, tunda shi ma ƙaya ta taɓa maƙale masa a maƙogwaro yana yaro.

Ana nan sai ya fara kukan ciwon kai da jiri, idan ya sunkuya dashen albasa ya ɗago sai ya ce ƙasa tana juyawa. Da ƙyar ƙanensa ya ja shi asibiti a Jega. Ya dawo da ledar magani a hannu ɗaya, ƙunshin bandar tarwaɗa a ɗayan. Ya zauna ya zayyana mini abin da likita ya ce: jininsa ya hau sosai, kuma kitse ya yi yawa a cikinsa. An ce ya riƙa shan magani kullum ba fashi, ya rage gishiri, ya yi nesa da kitse da man shanu, a madadinsu ya riƙa cin kifi ko sau biyu a mako. Likitan ya gaya masa cewa maza masu irin shekarunsa da irin jikinsa su ne ciwon zuciya ya fi yi wa kwanton ɓauna, kuma man da ke jikin kifi ba irin na jan nama ba ne, yana taimakon zuciya da hanyoyin jini, ga shi yana gina jiki ba tare da ya nauyaya mutum ba. Har ya yi ƙasa da murya yana murmushi ya ce likita ya ce ko ta wajen iyali ma kifi ba ya ba namiji kunya. Roƙonsa ɗaya ne a wurina, in cire ƙayar tas in daka naman a turmi in zuba a miya, don shi ba ya son ya gan shi da ido.

Na karɓi ƙunshin. A gabana ga ƙwaryar furar da ya gama sha ba a jima ba. Na lallaɓa na ce masa ko zai haƙura da fura na ɗan lokaci tunda ga sabuwar doka ta zo. Ya ce likita bai hana shi fura ba, cewa kawai ya yi a rage sukari, kuma duk ranar da na ga ya bar fura to a je a haƙa masa kabari. Sai na fito fili na ce a gidanmu ba a haɗa kifi da nono. Ya yi dariya har da buga cinya, ya ce ashe har yanzu ban sauka daga kan saniya ba, ya ce masunta nawa ne a bakin gulbi suke shan fura, wa ya ga sun koma Turawa. Dariyar nan ta yi mini zafi, domin ni fuskar kawuna nake gani, shi kuma wasa yake gani. Ban ƙara ce masa komai ba, kuma nan ne kuskurena na farko, don da na zaunar da shi na ba shi labarin kamar yadda na ba ku yanzu, na san ba zai yi dariya ba. Da na je gida na tambayi Inna, mahaifiyata, ba ta ko ɗago daga ƙwaryar da take gogewa ba ta ce likita bai san kawunki ba, mu muka san shi, in ina son mijina in san abin da zan yi.

Na kuwa san abin da zan yi, ko in ce na zaci na sani. Maƙwabtanmu ta gabas wani dattijo ne mai gyaran kekuna da matarsa, ba su da ƙarfi sosai, nama sai Sallah ko suna. Katangar da ke tsakaninmu gajera ce ta wajen madafa. Duk ranar kasuwar Jega maigida zai dawo da kifi, wani lokaci banda, wani lokaci ɗanyar karfasa, wani lokaci na ƙanƙara. Washegari da ya fita gona sai in taka turmi in miƙa wa matar ta kan katanga, in ce maigida ne ya ce a ba su. Ba na miƙawa duka. Nakan ɓalle kai ɗaya ko ’yar fata in jefa a garwashi dab da lokacin dawowarsa, gida ya ɗauki ƙauri, yana shigowa ya ce lallai yau an yi aiki. Miyar kuwa, don kada ya ji ta salam, sai na riƙa zuba romon kitse, in ƙara daddawa, in marmasa dunƙulen miya irin na shago mai ƙamshin kifi har uku ko huɗu, ga gishiri a kai. Wato duk abin da aka ce a rage masa shi na ninka, kuma da hannun nan nawa da nake alfahari da shi.

Kusan shekara guda muna haka. Yakan suɗe kwano ya ce ashe haka kifi yake da daɗi aka bar shi a baya, ya ce dakan da nake yi ko injin niƙa sai haka, ko ƙaya ɗaya bai taɓa ji ba. Ni kuma in sunkuyar da kai kamar mai jin kunyar yabo. Idan ya koma asibiti aka tambaye shi, da ƙarfin gwiwarsa yake cewa yana cin kifi sau uku ma a mako. Abin da ya fi ci mini rai yanzu shi ne maganar magani. Da tafiya ta yi tafiya sai ya fara tsallakewa, yau ya sha, gobe ya manta, har ya bar zuwa awo gaba ɗaya. Na yi masa magana sau ɗaya, ya ce mutumin da ke cin kifi kamar ɗan masunta me zai yi da ƙwaya kullum, ai abincin ma magani ne. Wallahi a lokacin maganar ta zo mini har bakin leɓe. Na haɗiye ta, don na kasa tunanin yadda zan dubi idonsa in ce duk yabon nan da yake yi na banza ne. A ɗaya gefen katangar kuwa dattijo sai sheƙi yake yi. Matarsa takan leƙo ta ce mini ƙanwata, Allah ya biya ku, tsohon nan da yake kwana yana kukan gwiwa yanzu shi ke tura keken mutane da gudu yana gwada birki, har ta fara tunanin ɓoye masa hular Sallah kada ya tafi neman aure. Mukan yi dariya tare, tawa dai ba ta wuce haƙori.

Ranar da abin ya faru lokacin cirar albasa ne, zafi ya fara. Da hantsi ana ɗinke buhuna a bakin gona ana jiran motar da za ta yi kudu da su, shi ma yana riƙe da basilla yana ɗinki kamar yadda ya saba, don ba ya yarda da ɗinkin kowa. Waɗanda ke wurin sun ce basillar ce ta fara faɗuwa daga hannunsa, ya sunkuya zai ɗauka hannun ya ƙi, ya buɗe baki zai yi magana sai ga bakin ya karkace. Ina tsakar gida ina mulmula furarsa ƙanensa ya shigo ba ko sallama ya ce in ɗauko mayafi. Daga Jega aka wuce da mu Birnin Kebbi, aka ce shanyewar ɓarin jiki ce, ta hagu, kuma Allah ya taimaka an kawo shi da wuri. Da likitan can ya zo yana tambayar abin da yake ci a gida, ni aka duba. Na ce tuwo da miya. Maigida daga kwance, da harshen da ba ya fita sosai, ya yi ta ƙoƙari har ya haɗa kalmar kifi, yana nuna ni da hannunsa mai lafiya, wai yana shaida wa likita irin ƙoƙarin da nake yi. Na fita baranda na yi kuka, mutane suna ta ba ni haƙuri suna cewa zai tashi, ba su san abin da nake yi wa kuka ba.

A kwana na shida, da la’asar, ’yan dubiya suka zo daga unguwa a mota ɗaya, cikinsu har da dattijon nan mai gyaran kekuna. Ya sha farar rigarsa, ya zo da ’yan lemo a leda. Bayan an yi addu’a sai ya matso bakin gado ya kama hannun maigida da hannu biyu, idonsa ya ciko. Maganarsa ita kaɗai zan kawo kamar yadda ta fito, don har gobe tana kunnena: “Alhaji, Allah shi tashi kafaɗunka. Kihin ga da kaka aiko muna duk mako, shekara guda ba ka taɓa hwashi ba, Allah shi kai ladar ga lahiyarka.” Ya ci gaba da faɗa wa mutane cewa bai taɓa ganin maƙwabci irin wannan ba, mai yin alheri ya ƙi ko ɗaga maganar idan an haɗu a masallaci. Kowa ya ce amin. Maigida ya juyo da kansa a hankali ya dube ni, ina tsaye a ƙarshen gado da fulas a hannu, ya daɗe yana kallona, sannan ya mayar da idonsa kan dattijon ya gyaɗa masa kai kamar mai karɓar godiya. Ya rufa mini asiri a gaban mutane, a lokacin da ni ce silar kwanciyarsa.

Da suka tafi na durƙusa a gefen gadon na faɗi komai, da turmin da nake takawa, da kan kifin da nake jefawa a wuta, da dunƙulen, da kawuna da tsamiyarsa. Bai katse ni ba. Kwana uku idan na miƙa masa abinci sai ya karɓa daga hannun ƙanensa. Ban ga laifinsa ba. Ni da kaina na je na sami likita na faɗa masa gaskiya shi ma, ina jiran ya wanke ni tas. Bai yi faɗa ba, sai ya ja mini kujera. Ya ce farin tabo irin na kawuna ba abinci ke kawo shi ba, ba a kuma ɗaukarsa a ƙwarya ko a akushi, launin fata ne kawai yake ɗaukewa a wasu wurare, kuma mutane da yawa a duniya suna haɗa kifi da madara a tukunya ɗaya ba abin da ya same su. Na tambaye shi ko da na ba shi kifin da bai faɗi ba. Ya ce ba wanda zai iya rantsuwa a kan haka, kifi abinci ne mai amfani ƙwarai ga zuciyar namiji amma ba ya maye gurbin magani, abin da ya fi yi masa illa shi ne barin ƙwayar da gishirin da kitsen. Ya faɗa ne don ya sauƙaƙa mini, ni kuwa na san wa ya zuba gishirin, na kuma san dalilin da ya sa aka bar ƙwayar.

Bayan mun dawo gida da mako biyu, bakinsa ya fara daidaita, sai ya aiki ƙanensa Jega ya sayo ɗanyar tarwaɗa. Ya ce in dafa ta a gabansa, a tsakar gida, gunduwa-gunduwa yadda zai gan ta da ido, ba daka. Na dafa ina kawar da fuska. Ya ce in dama fura in ajiye a gefe. Ya zauna a tabarma yana cire ƙaya da hannu ɗaya, abin tausayi, ya ƙi a taimaka masa, ya ci ya ƙoshi, ya ɗaga ƙwarya ya sha. Sannan ya kira ni da sunan da yake kirana tun ina amarya, ya ce ba tsorona ne ya ɓata masa rai ba, da ya san abin da na gani ina yarinya da bai yi mini dariya ba, wannan laifinsa ne kuma ya nemi in yafe. Abin da ya tsaya masa a rai shi ne na bar shi ya zauna gaban likita yana ƙarya bai sani ba, na kuma ji shi yana cewa ya bar magani saboda kifi na yi shiru. Ya ce ya yafe, amma kada in ƙara kare shi daga wani abu ba da saninsa ba. Da na tashi zan kwashe kwanuka ya ce akwai saura: daga yau duk ranar kasuwa kashi biyu za a riƙa saye, ɗaya namu, ɗaya a miƙa ta kan katanga, domin ya karɓi godiyar bawan Allah a gaban jama’a kuma ba zai bari ta zama ta ƙarya ba.

Yau shekara uku ke nan. Yana tafiya da ƙafarsa, yana zuwa gona, yana shan maganinsa a kan idona, yana cin kifinsa sau biyu a mako, nauyinsa ya ragu, awonsa ya yi kyau, tsokanar ma ta dawo. Hannun hagun ne bai dawo duka ba. Ba ya iya riƙe bakin buhu, don haka wasu ke yi masa ɗinkin da bai taɓa yarda da na kowa ba, shi yana tsaye yana kallo. Duk lokacin da na ga haka sai in ji kamar in nutse. Ba zan ɓoye ba, watanni na yi ina satar kallon bayan hannunsa da wuyansa idan yana alwala, ko ɗigo ban gani ba. Na je ruga na sami kawuna, ya tsufa, har yanzu ƙwaryarsa daban take. Na zauna na sa ludayi a cikinta na sha, Inna tana kallona baki buɗe. Shi kuwa ya ce mini, cikin sanyin murya, shi fa tun da aka haife shi bai taɓa sa kifi a bakinsa ba, ya faɗa a lokacin ba wanda ya saurare shi.

Abin da ya sa na rubuto shi ne na san ba ni kaɗai ba ce aka raina da wannan tsoro. ’Yan’uwana mata, idan likita ya ba mijinki doka kuma zuciyarki ba ta kwanta da ita ba, ki bi shi asibitin ki yi tambaya da bakinki, ba a kore ni ba da na tambaya, kujera aka ba ni. Kada ki gyara dokar a madafa ke kaɗai, komai son da kike yi masa. Ku kuma maza, ku ci kifi, yana da amfani a jikinku fiye da kitsen da kuke rububi a bakin tukuba, amma kada ku ajiye magani saboda shi, kuma idan matarku ta kawo muku wani tsoro, ku tambaye ta inda ta samo shi kafin ku yi dariya. Ni dai duk ranar da ta biyo bayan kasuwar Jega ina taka turmin nan in miƙa ƙunshi ta kan katanga, matar dattijo ta karɓa ta ce a gaida Alhaji da alheri. Yanzu idan na ce mata shi ne ya ce a ba su, gaskiya nake faɗa.